Wayar da Ta Haɗa Ɗakina da Zauren Baba

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, Baba kuwa ya riga mu. Mahaifin maigidana ne. Ya rasu a farkon daminar bana a gidansa da ke zangon Bawku, bayan 'yar gajeruwar jinya, aka kai shi makwancinsa bayan azahar.

Kafin masu rakiya su dawo daga maƙabarta gida ya cika har waje. Fataken shanu sun shigo ta Kulungugu, masu hatsi sun zo daga Pusiga, malaman danginsa sun taso daga Yendi, nawa dangin kuma daga Salaga. Ina zaune a tsakar gida cikin mata, ana ta yi mini sannu da haƙuri ina amsawa, amma kunnena yana can zaure inda maza ke ba da labarinsa. Kowa ya buɗe baki labarin ɗaya ne, riga kawai ake sake masa. Wani ya ce ya taɓa kawo wa Baba tsarabar goro, Baba ya sa shi ya fara tsaga ɗaya ya ci a gabansa. Wani ya ce shekara da shekaru yana sauke shanu a gidan nan, amma duk zuwan da zai yi sai Baba ya buɗe bakin kowace saniya ya duba haƙoranta, sai ka ce ranar suka fara haɗuwa. Wani tsohon direban lori ya ce, "Alaji dai, ko ka gaya mishi rana ya fito, sai ya tafi waje ya duba da kanshi." Aka yi dariya, sannan aka tuna zaman makoki ake, aka ce Allah ya jiƙansa.

Ban ji daɗin dariyar ba. Ba ƙarya suka yi masa ba, amma rabin mutum suka kwatanta. Na kuma lura da wasu da bakinsu ke addu'a idonsu na yawo a kan ƙofofin ɗakuna, da wasu da suka fi kowa share hawaye alhali ban manta abin da suka taɓa faɗa a kaina a wannan zauren ba. Na san zato ba shi da kyau a gidan makoki. Zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo mini farin kai, shekarun da na yi a gidan Baba ba su bar ni yadda na zo ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani game da shi, kafin masu dariya su gama mayar da shi tatsuniya.

Baba maigidan fatake ne. Baƙo ya taso da shanunsa daga arewa, gidan Baba zai sauka. Baba zai ba shi wurin kwana da abinci, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. Sana'a ce da ba ta da jari sai suna. Aka kama saniyar sata sau ɗaya da shaidarka, to ka tashi daga aiki. Ina jin daga nan zarginsa ya samo asali, ya yi ta girma har ya wuce kasuwa ya shigo cikin gida. Yana da wata magana da kowa ya haddace. In ka gaya masa abu ka ga bai gamsu ba, har ka fara rantsuwa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ban ce ƙarya kake ba. Na ce ban gani ba."

Ya taɓa ɓatawa da ladanin masallacinmu a kan agogo. Baba ya ce agogon yana gaba da inuwa, ladan ya ce agogo ba ya son kai. Suka yi azumi guda ba sa gaisawa sai dai a sahu. Da iska ta kwashe rufin ɗakin ladan, kafin ya buɗe baki ya roƙi kowa Baba ya aika da kwano da kafinta. Sannan ya je da kansa ya tsaya a rana yana duba kowace ƙusa, don shi kafintan ma bai yarda da shi ba.

Ni kuwa da tuhumata na shigo gidan. 'Yar Salaga ce ni, Hausawa ne mu tun kakanni, amma na yi boko, na kuma koyi buga keken rubutu da kwamfuta a Tamale. Baba ya yi karatun allo mai zurfi, sai dai ba ya karanta boko, don haka mace mai karanta takardar da shi ba ya iya karantawa abar sa wa ido ce a wurinsa. Bai taɓa kiran sunana ba, mutuniyar Salaga yake ce mini. Ga kuma kunyar surukai, wadda tsofaffin gidajen zango suke riƙe da ita har yau. Ba na zama inda yake zaune, ba na cin abinci a gabansa, in na hango shi tafe sai in kauce in durƙusa. Shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye. Ko ina tsaye a bayan ƙofa yana jin motsina, cewa zai yi, "A gaya wa mutuniyar Salaga kaza." Mai kai saƙon ita ce Gwaggo, ƙanwarsa da ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta. Gwaggo tana da ƙafa tana da baki, kuma ita kaɗai ke yi masa tsiya ya haɗiye.

A shekarun nan ne masu tsaron hanyar Kumasi suka fara neman takarda bugaggiya ga duk lorin shanu, mai nuna launin kowace dabba da ƙahonta da tambarin jikinta da wanda ya sayar. Da farko Baba kan aika wurin mai keken rubutu na bakin kasuwa, amma bai daɗe ba ya fara cewa mutumin yana kai wa abokan hamayyarsa labarin baƙinsa. Maigidana ya kawo shawara a sayi kwamfuta ta hannu, tunda ga mai bugawa a gida. Baba ya juya maganar har aka ɗauka ya manta da ita, sannan ya yarda, bisa sharaɗi ɗaya. Takardar za ta fito ne a gabansa, a zaure, ba ta bi ta hannun kowa ba.

Nan gizo ke saƙa. Ni ba zan zauna a zaure cikin maza a gaban surukina ba, saboda haka kwamfuta sai a ɗakina, can ƙarshen gida, bayan madafa da ɗakin Gwaggo. Firinta kuwa, wato na'urar da ke fitar da rubutun a takarda, Baba ya ce zaure. Igiyar da ke haɗa su tana da kaurin yatsa, da faffaɗan kai mai haƙora da yawa, tsawonta kuma bai wuce tabarma ba. Maigidana ya sayo irinta da dama ya jona su baki da baki. Ba su ma kai madafa ba firinta ta fara in'ina.

Gwaggo ta ce, "Yaya, wace irin wahala ce wannan? Ta buga a ɗakinta, ni in kawo maka."

Baba ya ce, "Daga ɗakinta zuwa nan akwai hanya."

"To ni ce zan sake rubutun a hanya, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba?"

"Ban ce ke ba. Na ce akwai hanya."

Sai aka aika wa ɗan wata 'yar'uwar Baba da ke Yendi. Magidanci ne, ɗan gidan malamai, amma shi gyaran na'urorin ofis ya kama. Ya zo da wasu 'yan akwatuna biyu, kowanne bai fi sabulun wanki ba, da naɗin siririyar waya irin ta tarho. Ina leƙe ta tagar madafa na ga Baba ya ɗauki akwati ɗaya, ya juya shi, ya kai kunne ya girgiza, ya tambaya me ke ciki.

Mutumin Yendi ya ce, "Kawu, waccan igiyar mai kauri, magana tana tafiya a cikinta ne a jere, kafaɗa da kafaɗa. A kusa ba matsala. In tafiya ta yi nisa sai wani ya riga wani, su iso a hargitse. Wannan akwatin yana sa su bi layi ɗaya bayan ɗaya, kamar shanu a kan siririyar gada. Wancan kuma ya tare su a ƙetare ya sake jera su."

Baba ya ce, "A kan gada ake sace saniya."

Duk da haka ya bari aka yi. Mutumin Yendi ya fara kashe komai ya zare daga wuta. Ya ɗaura akwati ɗaya a bayan kwamfuta ya murɗa ƙananan sukurorinsa, ya maƙala ɗayan a jikin firinta. Ya ce ko da yake sun yi kama, kowanne da gefensa, in aka musanya su ba abin da zai fito, ya sa ƙusa ya karce na zaure don a gane shi. A gefen kowane akwati akwai wasu 'yan maɓallai kamar ƙwayar shinkafa, wasu sama wasu ƙasa, ya ce dole na can da na nan su zama iri ɗaya. Da tsinken tsintsiya ya daidaita su. Baba ba zai shiga ɗakina ya duba nawa ba, sai ya aiko Gwaggo ta kalla ta koma ta faɗa masa wanne ke sama wanne ke ƙasa, sannan ya kira mutumin Yendi shi kaɗai ya sake tambayarsa, don ya ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Aka ja wuta zuwa zaure, domin akwatin can yana bukatar tasa wutar.

Jan wayar ne ya ci yini. Ba za ta ratsa tsakar gida ba, saboda ƙahon shanu da masu shigowa da kaya a kai. Ba za ta bi kusa da wayar lantarki ba, mutumin Yendi ya ce lantarki na rikita ta. Sai aka bi da ita ƙarƙashin rufi, ta haye katangar madafa, ta fita ta bi bayan gida ta lungu, sannan ta shiga ta tagar zaure. A lungun ne wayar ta gaza. Ya ɗauko wani guntu ya fere bakinsu, ga zare huɗu a ciki, ja da kore da rawaya da baƙi, ya haɗa kowanne da ɗan'uwansa ya naɗe da baƙin tef. Lokacin Baba yana masallaci sallar la'asar, kuma ba wanda ya ga dalilin gaya masa.

Da aka kunna, mutumin Yendi ya aiko a ce in buga ko mene ne. Na daɗe hannuna a kan maɓallai, sannan na rubuta, "Ina gaida Baba." Daga ɗakina na jiyo firinta ta ɗauka da ƙararta mai kama da yagar sabon yadi. Gwaggo ta ba ni labarin sauran. Baba ya sa ɗan 'yar'uwarsa ya karanta, ya ce ya fita waje, ya tare wani malamin makaranta da ke wucewa ya ce shi ma ya karanta. Da ya ji maganar ɗaya ce, sai ya ce, "A gaya mata na amsa." Na ji daɗi ƙwarai a ranar. Tun da na shigo gidan, wannan ne karo na farko da maganata ta isa wurinsa ba a bakin Gwaggo ba.

Haka muka ci gaba har damina ta zagayo ta sake zagayowa. Fatake su faɗi kamannin shanunsu a zaure, maigidana ya rubuta ya shigo mini da shi, in ba ya nan Gwaggo ta ɗauko a ka, ni in buga, takarda ta fito a gefen buzun Baba. Kowace takarda sai mutum biyu sun karanta masa, kowanne a bayan idon ɗayan, kafin ya dangwala mata yatsa. Ban taɓa yin kuskuren da aka kama ba, shi ma bai taɓa fasa kiran masu karatun ba. Kullum da safe in ya fito sai ya bi wayar da ido har inda ta haye katanga. Ya sha ganin yadda ake maƙala waya a saci lantarki a unguwa, kuma ba wanda ya iya fitar masa da cewa ana iya satar magana haka.

Sai gari ya yi zafi. Tsohuwar gaba ce tsakanin ƙabilu biyu na garin, wadda kan kwanta ta tashi, mu Hausawa muna tsakiya, kowane ɓangare na shiga zauren Baba. Aka sa dokar hana fita da yamma. Maigidana ya kai shanu Kumasi hanya ta ƙi, ya maƙale a can. Mutane suka koma magana ƙasa-ƙasa, kowa na duba bayansa kafin ya gaisa da maƙwabci.

Wata safiya bayan an sha ruwan sama mai yawa, na buga wa wani bafatake takardarsa kamar kullum. A gabana komai daidai yake. Na jiyo firinta ta ɗauka, ta ƙi tsayawa, tana ta jan takarda bayan takarda. Gwaggo ta shigo da guda ɗaya a hannu, ba dariya a fuskarta. Wasu 'yan fuskoki ne ƙanana a jere, da zane-zanen akwatuna, da haruffa marasa kai da gindi. Na kashe na kunna na sake aikawa. Ɗaya ta fito daidai, ta bayanta ta sake haukacewa. Masu karanta wa Baba duka biyun suka ce wannan ba Turanci ba ne, ba Hausa ba ne.

Wani daga cikin fatake ya ce, "Wannan rubutun soja ne. Na taɓa gani irin shi a bariki."

Wani ya karɓe, "Waya nan ya fita ta lungu, wa ya san inda ya tafi? Mata nan yana aika sunan mutane."

Kafin magariba maganar ta gama zango. Waɗannan suka ce sunayensu nake kai wa waɗancan, waɗancan suka ce nasu nake kaiwa. A duk daminar nan ban ji abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa ba sai ni.

Washegari dattawan unguwa suka zo. Ina bayan katangar madafa ina jin su. Sun yi magana da ladabi, suka ce ba su ce komai ba, amma don zaman lafiyar gidan a mayar da yarinyar nan Salaga har gari ya huce. Kowa ya san ma'anar wannan. Matar da aka mayar gidan iyayenta da irin wannan zargi a kanta ba ta dawowa, kuma 'yata da na yaye ba da jimawa ba a gidan ubanta za ta zauna. Na riƙe bakin murhu ina jiran abin da Baba zai ce. Ban sa ran zai rantse a kaina ba, na san shi, amma zuciya ba ta rasa kwaɗayi.

Ya ce, "Ban ce ta yi ba. Ban ce ba ta yi ba. A jira na Yendi ya zo, shi ya ɗaura abin."

Bayan sun tafi ya aiko Gwaggo ta zare igiyar wutar kwamfuta ta kai masa. Wannan ya fi maganar dattawan yi mini ciwo. Gwaggo ta tsaya da igiyar a hannu ta ce, "Yi haƙuri, 'yata, kin san halin yayana."

Na ce, "Gwaggo, tun yaushe nake durƙusa wa Baba? Ko akuya ce ta daɗe haka a gidan nan, ai ya ci a ce ya san ba ta cin kayan mutane."

"Shi ko akuyar sai ya duba bakinta."

Ban yi dariya ba. A kwanakin jiran nan matan maƙwabta suka daina shigowa ɗiban wuta. In na fita famfo sai hira ta yanke. Na haɗa rabin kayana a akwati na tura ƙarƙashin gado don kada 'yata ta gani. Ni ma na zauna ina zargin kowa, daga mai keken rubutu na bakin kasuwa da muka karɓe wa aiki, har malamin makarantar da ke karanta wa Baba. Abin da ya fi damuna shi ne ni kaina ban san abin da ya sami na'urar ba, don haka ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Mutumin Yendi ya iso ta hanyar Nalerigu a bayan motar hatsi. Baba bai bar shi ya huta ba. Ya aika aka kira dattawan, aka kira fatake daga ɓangarorin biyu, ya ce a yi komai da rana a gaban kowa. Mutumin ya duba akwatin zaure, ya shigo ya duba nawa, ya ce maɓallan suna nan yadda ya bar su. Sai ya kama wayar da hannu ya fara bin ta, jama'a na biye da shi, suka zagaya suka shiga lungu. Katangar madafa ce kawai tsakanina da su. Gwaggo ta taka turmi tana leƙawa tana faɗa mini.

Na ji ya tsaya. Ya ce, "Wani ya taɓa nan. Ba haka na bar shi ba."

Baƙin tef ɗin babu. Zaren huɗu suna waje tsirara, ruwa ya sa sun yi tsatsa, an murɗa su sama-sama, bakin wayoyin biyu kuma an ƙulle su tamau. Lungu ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce, "Ga shi nan, a nan suke jona nasu." Wasu suka juya ga maƙwabcinmu wanda ƙofarsa ke kallon lungun, ɗan ɗaya daga ƙabilun nan ne, na ji ya fara rantsuwa. Wasu suka ce ai ni ce nake fitowa ta baya in haɗa. A lokacin an ƙone gidaje a kan abin da bai kai wannan ba.

Akwai wani tsohon Bafillace, daɗaɗɗen baƙon Baba, ya ce a ba shi hanya ya gani. Gwaggo ta ce ya ɗauki ƙullin a yatsa ya juya shi, ya ɗaga ido ya dubi Baba. Masu shanu kowa da yadda yake ƙulla igiyar turke, kuma na Baba daban ne, yana ninka wutsiyar ya mayar da ita ciki, yadda ya koya wurin mahaifinsa. Duk wanda ya taɓa kwance saniya a gidan nan ya san shi.

Baba ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ku bar maƙwabcina. Ku bar yarinyar nan. Hannuna ne."

Ya ci gaba a hankali, kamar yana bayanin saniya. Ya ce da gari ya fara zafi ya zagaya ta lungu, ya ga wani baƙin kumburi a jikin wayar wanda ba a taɓa nuna masa ba. Ya ɗauka wani ne ya jona tasa. Ya sa wuƙa ya yanke, ya buɗe, bai sami komai ba sai waya. Sai ya haɗa ja da ja, kore da kore, yadda ya same su, ya ƙulle da kyau don kada ta zame. Takardu suka ci gaba da fita daidai har ranar da aka yi ruwa, shi ya sa bai kawo a ransa cewa daga nan ne ba. Ya ce, "Na ɗauka igiya igiya ce."

Mutumin Yendi ya ce, "Kawu, ai da ka tambaye ni."

"Da na tambaye ka, ji kawai zan yi."

Wani ya fara dariya ya haɗiye. Dattawan suka ce to alhamdu lillahi, suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya leƙo ya ce mini sannu. Mutumin Yendi ya yanke wurin da ya yi tsatsa, ya haɗa da dalma, ya naɗe, ya sa cikin guntun bututun roba. Aka dawo mini da igiyar wuta. Na buga, takarda ta fito tas.

Na tsira, amma zuciyata ba ta huce ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, don ni Baba ya yi magana, ko don ya ga Bafillacen nan ya gane ƙullinsa? Da tsohon bai zo ba fa? Na tambayi Gwaggo, ta ce in bar tone-tone, tunda Allah ya rufa asiri. Ni dai na fi karkata ga na biyun. Na ce a raina mutum ne da ya ga an kama shi ya riga kowa faɗa, gobe kuma za a koma gidan jiya, ni ina bugawa ana kiran masu bin sawuna. Ban fitar da kayana daga akwati ba.

Da safe mutumin Yendi ya yi shirin komawa, har ya yi mana sallama, sai Baba ya kira shi zaure. Jim kaɗan na ji tafiya mai nauyi a tsakar gida. Ga shi a ƙofata rungume da firinta, Gwaggo na bayansa da tsohuwar igiyar nan mai kauri.

Ya ce, "Kawu ya ce a kwance wayar."

Na ce shi ke nan, ya gaji da fitinar, ya kashe aikin. Na ja gefe ina kallo ya ajiye firinta kusa da kwamfuta, ya kwance ɗan akwatin, ya haɗa su da gajeriyar igiya. Sai na ji muryar Baba daga bakin madafa. Bai taɓa zuwa kusa da ɗakina haka ba. Na durƙusa a bayan ƙofa. Gwaggo na tsaye kusa da ni, amma ya yi magana yadda ya saba.

"A gaya wa mutuniyar Salaga, abin da ta buga ta aiko da shi. Ba sai an karanta mini ba."

Gwaggo ta dube ni ta ce, "Kin ji."

Na ce na ji. Kuka ya zo mini, na toshe baki da gefen zane don kada ya jiyo. Na ji takunsa yana komawa zaure.

Daga ranar har ya koma ga Allah, duk takardar da ta fito daga ɗakina sai ya dangwala mata yatsa bai nemi mai karanta masa ba, alhali sunansa ne a kanta, kuma ba shi da abin da ya fi wannan sunan. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya yafe masa zarginsa kamar yadda na yafe masa tun a bayan ƙofar nan.